Cindo Nawa Ne a Ikko?

Abu biyu kakata ta bar mini kafin ta cika:
wasiƙar ajami mai tambarin gidan wayar Agege,
da suna guda ɗaya, Cindo.
"Ya bi fataken goro shekarar da naira ta kori fam,
ina da cikin ubanka wata huɗu.
Ya ce kafin kaka zai dawo.
Kaka ta zo sau hamsin, har ni ma na zama kaka."

Na sauka da asuba, ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Na tambayi mai shayi gidan Cindo,
ya ajiye buta, ya yi dariya har da riƙe ciki:
"Wanne? Mai wankin hula, ko na bakin titin jirgi,
ko ladanin nan mai murya kamar tsagaggen tulu?"

Ashe sunan ba gado ba ne.
Duk jaririn da ya faɗo da yatsa na shida
ungozoma ke raɗa masa, tun kafin liman ya iso.

Na Alaba Rago Ba'adare ne, bai taɓa taka Bakori ba,
amma sai da ya yi mini tayin rago.
Na Idi-Araba tela ne, ƙanen bayana ma.
Na Apapa yana barci a ƙarƙashin tanka,
na tashe shi, ya ce ubansa Garba,
kakansa kuwa Allah ne masani,
in na gano nawa in tambayo masa nasa.
Na huɗu yana maƙabarta, ba allo, ba alama,
ciyawa ta yi masa bargo.
Na yi masa Fatiha, ko nawa ne ko na wani.

Kwana tara ina hawa danfo ina sauka,
kuɗin guzuri ya ƙare a tafin kwandasta,
takalmina ya sha kwatamin Oshodi ya ƙoshi.

Ran na goma, a bayan rumfunan 'yan goro,
wata tsohuwa, Iya Muniratu, tana yayyafa wa huhu ruwa.
Hausarta ta fi tawa tsufa.
Ba ta bari na gama bayani ba,
ta kama hannuna na hagu, ta shafa tabon da ke gefen ƙaramin yatsa.
"Kai an yanke maka. Shi uwarsa ta hana wanzami.
Da shi yake ƙirga bashin da ba ya sa ran a biya."

Gabana ya faɗi. Na miƙa mata wasiƙar.
Ta juya ta, ta sake juyawa, ta girgiza kai.
"Hannun Malam Nadabo ne, shi ke rubuta wa kowa.
Cindo biyu suka sauka a zauren babana,
jirgi ɗaya ya kawo su, duka daga ƙasar Katsina.
Ɗaya ya wuce Kwatano, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.
Ɗayan na aura.
Bai taɓa ce mini ya bar kowa a gida ba,
sai dai duk kaka yakan yi shiru kwana uku."

Sai ta ɗaga murya: "Kamoru!"
Wani saurayi ya fito daga ƙarƙashin mota,
baƙin mai har gwiwar hannu.
Hausarsa ba ta wuce sannu ba,
Yarabancina bai kai nan ba.
Ya goge hannu a wando ya miƙo,
tabonsa ya sauka daidai kan nawa.

Tsohuwa ta zaɓi farin goro, ta ɓare shi biyu,
ta ba shi ɓari, ta ba ni ɓari.
Ban tambaya ba, ita ma ba ta rantse ba.
Muka tsaya muna tauna,
jirgin ƙasa ya ratsa kasuwa, ya nufi arewa.